Karnuka a Bayan Kanta

Idan aka gama kaka a ƙasar Daura, gero ya shiga rumbu, aka ɗaure harawa aka ɗora bisa itace, sai wata irin mota ta fara bayyana a titin da ya ratsa Sandamu ya nufi Kazaure da Kano. Tun kafin ka gan ta za ka ji ta: ƙaho, kiɗan talle, ihun samari, da haushi iri-iri. Kanta ce ko a-kori-kura, an cika ta maƙil da mutane masu riguna duk layu, gorori da adduna a tsaitsaye, ga kawunan karnuka sun leƙo ta tsakanin ƙarafa, harsuna a waje. Masu shayi na bakin hanya sukan bi ta da kallo suna dariya, wani ya ce yau dai karen mota ya samu 'yan'uwa. Na daɗe ina cikin masu dariyar nan. Abin da ya fitar da ni daga cikinsu tafiya ce guda da na bi kawuna, ƙanin mahaifiyata, wanda ya tsufa a farauta.

In ana yabon mafarauci, abin da ya faru a daji ake faɗa: wane ya jefi zomo da kere yana tsakiyar gudu, wane ya ƙwace gada a hannun ƙarti biyar. Kirarin 'yan tauri ma can ya dosa. Ni kuwa a ganina gwanintar da ta fi wuya tana kan hanya, inda babu makaɗi balle 'yan kallo. Ka ɗauko kare daga ƙofar gidanka a Fago ko Karkarku, ka ɗora shi a bayan mota tare da karnukan da bai taɓa gani ba, ku kwana kuna tafiya, ka sauke shi da ƙafarsa lafiya, hancinsa a buɗe, zuciyarsa ba ta mutu ba, sannan bayan mako biyu ko uku ka dawo da shi gida. Mutane da yawa sukan isa daji da kare, amma karen da suka isa da shi ya riga ya zama kaya.

Dole ce ta kawo wannan doguwar tafiya. Noma ya cinye dajin ƙasar Daura, abin da ya rage a kusa bai wuce zomo da kurege da gafiya da damo ba, sai fakara jefi-jefi. Mai son gada ko gyado sai ya yi kudu: ya bi ta Kwanar Ɗangora da Tudun Wada zuwa dazuzzukan gefen Falgore, ko ya bi ta Wudil da Birnin Kudu ya faɗa ƙasar Ningi da Burra. Iyayenmu da ƙafa suke yin irin wannan tafiya, kare na biye, hanya ce ke horar da shi, ya isa dajin ƙafafunsa sun yi tauri. Mota ta rage kwanaki, ta kuma zo da nata ciwon kai, kuma mafarautan zamanin mota su suka zauna suka gano maganinsa da kansu, ba a makaranta ba.

Shirin kawu yakan fara tun ana saura wata guda, don ba a fafe gora ranar tafiya. Kullum da asuba zai hau keke karnuka su bi shi, yau zuwa bayan gari, gobe a ƙara, har su iya zuwa Rijiyar Tsamiya su dawo ba su zube ba. Karen da ya yi kitse a damina sai ya sauke shi. Abincinsu ƙanzo ne da tuwon dusa da tsari, da ƙashi daga wurin mahauta, ana ba su sau ɗaya da yamma. Ɗan kwikwiyon da bai taɓa shiga mota ba, ba a yi masa farat ɗaya. Da farko a ɗaure shi kusa da motar da ke tsaye ya saba da warin mai da ƙarar inji. Bayan kwana biyu a ɗora shi a gaban babur a zagaya da shi. Daga nan a sa shi a bayan a-kori-kura mai zuwa Daura a dawo. Wanda ya yi amai a gajeriyar tafiya, ya yi ta dalalar da yawu yana rawar jiki, a bana dai gida zai zauna.

Ranar tashi ba a ba su abinci mai nauyi. Cikin kare in ya cika aka girgiza shi a ramukan hanya, abin da ya ci a kan 'yan'uwansa zai juye shi, ya isa a galabaice. Ruwa kuwa ana ba su tun da sauran lokaci, a bar su su zagaya su yi fitsari.

Sai lodi, wanda shi ne ya fi burge ni. Mun taru ne bayan sallar isha'i a wani fili a bayan gari, mutanen ƙauyuka uku, kowa da karnukansa. Ni na ɗauka za a buɗe bayan mota ne a kora su ciki. Kawu ya hana. Ya ce a sake su a ƙasa tukuna, kowa ya riƙe igiyar nasa da sassauci, su shinshini juna, masu gurnani su yi, wanda zai nuna shi ne babba ya nuna. Faɗan da aka yi a fili mai faɗi da tsawa ɗaya ake raba shi. In a cikin mota ya tashi tana gudu, sai an zubar da jini, kuma har da na mutane. Kawu yana tsaye yana kallonsu kamar alƙali, yana nuna wa samari da gora: wancan baƙin da wancan mai yankakken kunne kada su haɗa kusurwa, wannan matsoracin a sa shi kusa da ubangidansa, waccan karyar a mai da ita gida. Mai ita ya fara magiya, ya ce ita ce ta fi kowa hanci. Kawu ya ce, “Ɗan nan, ba ka ga yadda mazan ke bin ta ba? Ta kusa barbara. In ta hau motar nan, kafin Dambatta ba sauran zumunci tsakanin karnukan nan, kuma a daji ita za su bi, ba zomo ba.” Haka aka mai da ita.

An riga an zuba yashi mai ɗan danshi a ƙasan bodin, aka shimfiɗa tsofaffin buhuna a kai. Yashin yana shanye fitsari, yana ba farata abin kamawa in direba ya taka birki, yana kuma raba tafin kare da ƙarfen da rana za ta gasa. Igiya kuma da awonta. Ta isa kare ya tsaya ya kwanta ya juya, amma kada ta kai shi ga tsallake gefen mota, domin wanda ya hango akuya ya yi tsalle da doguwar igiya, rataye kansa zai yi kafin a buga wa direba ya tsaya. Ƙullin wuya ba a yin zarge, ana yin wanda ba ya ƙara matsewa komai ja. Babban karen kawu, wani ja mai dogayen ƙafafu da ake kira Guguwa, shi ya fara hawa ya kwanta a bayan kan mota, sauran suka biyo shi ba gardama. Ɓangaren da salansa ke fesa hayaƙi kuwa jarkokin ruwa da buhunan gari aka jera. Kawu ya ce karen da ya kwana yana shaƙar hayaƙin gas, sai ya yi kwana biyu bai bambance sawun gada da na tunkiya ba.

Na ce, “Kawu, me ya hana mu bari sai da safe, a ga hanya?”

Ya ce, “Kai za ka ga hanya. Su rana za su gani.”

Daga baya na fahimci abin da yake nufi. Kare ba ya gumi a jiki kamar mutum, sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa. Da haki yake fitar da zafi, iska ta bi ta kan jiƙaƙƙen harshe ta sanyaya jini. Zafin jikinsa na lafiya ma ya ɗara namu, yana tsakanin digiri 38 da 39, saboda haka tazarar da ke tsakaninsa da halaka ba ta da yawa. A ƙasarmu kuwa, daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, kuma ko a cikin hunturu ranar tsaka ba ta wasa da ƙarfe. Muddin mota na tafiya iska na aiki. Tsayuwa ita ce abin tsoro: cunkoson Kano, dogon layi a shingen jami'an tsaro, ko taya ta fashe a fili ba inuwa. Shi ya sa ake lissafin tashi yadda za a ratsa Kano mutane na barci. In kuma tsayuwar ta zama dole, abu na farko shi ne a ja tamfol a yi rumfa a bar gefuna a buɗe.

Gwani yana karanta harshe. In ya ga ya faɗaɗa ya yi tsawo fiye da kima, yawu ya yi kauri yana ja kamar yauƙi, dasashi ya yi jajawur, kare ya daina amsa sunansa, gwanin ba ya jiran komai. Zai sauke shi a inuwa, ya jiƙa masa ciki da hammata da tafin ƙafa, ya yi masa fifita, ya ba shi ruwa kaɗan-kaɗan a tafin hannu. Na ga wani saurayi zai lulluɓe nasa da jiƙaƙƙen buhu, kawu ya fizge buhun ya ce rufe zafin zai yi a ciki.

Wajen sauka ma akwai ilimi. Ba a yada zango kusa da ruga ko mashayar dabbobi, don karen da ya kwana a ɗaure in aka sake shi, duk abin da ya motsa nama ne a wurinsa, kuma tunkiya ɗaya ta isa ta jawo rigimar da za ta kori tawaga gaba ɗaya. Kafin a sauke tukunya, manya sukan shiga gari su gai da mai gari da Sarkin Bakan wurin, a faɗi daga inda aka fito da kwanakin da za a yi, a ji inda aka yarda a shiga da inda aka hana. Daga nan motar ta zama gida: tamfol daga gefenta zuwa reshen tsamiya, murhu a gefe, ragar banda a can inda iska za ta kwashe hayaƙi. Karnuka a ɗaure su a kewaye, masu saurin jin motsi a bakin hanya. Kaskonsu daban, ba ya haɗuwa da kwanon mutane, in kuma wani ya faki ido ya sa baki a ƙwarya, a wanke ta sau bakwai kamar yadda aka koya mana tun a makarantar allo.

Mutanen gari da ke toshe hanci in motar ta wuce sukan manta cewa shari'a ta san da wannan sana'a. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarriyar dabba ta kamo wa mai ita in ya ambaci sunan Allah, kuma hadisi ya yarda a riƙe kare don farauta da kiwo da gadin gona. Akwai ma hadisin Adiyyu ɗan Hatim da ya yi magana a kan wanda ya tarar da wani kare daban tare da nasa a kan abin da aka kashe, bai san wanne ya kashe ba, aka ce kada ya ci. Wanda ya ga karnukan ƙauyuka uku sun rufar wa gada ɗaya zai gane dalilin da ya sa kowane mafarauci ke gudu da wuƙa a ƙugu, don ya riski naman da rai ya yanka.

Ranar isowa ba a farauta. Samari suna ta ɗoki, amma kawu ya zauna a kan buhu ya sa a kawo masa karnuka ɗaya bayan ɗaya. Zai ɗaga ƙafa ya buɗa tsakanin yatsu yana neman ƙarangiya da tsidau, ya leƙa cikin kunne da gindin wutsiya yana cire kaska, ya shafa man kaɗanya a tafin da ya tsage. Haka zai yi kowace yamma har a tashi. Idan tafiyar ta yi kudu sosai har ƙasar tsando, sai ya ƙara da duban ido, domin sammoren da ke kama shanu yana kama kare, kuma cikin alamunsa akwai ido ya yi hazo kamar an zuba masa nono.

Wani abokina da ya zauna a Turai ya taɓa nuna mini hotunan wata al'ada tasu, na ga ashe matsalar ɗaya ce, kayan aikin ne suka bambanta. Can mutane, musamman waɗanda suka yi ritaya a Jamus da Ingila da Holan, sukan sayi mota mai ɗaki a ciki, da gado da murhu da makewayi, su kwashi karnukansu su gudu daga sanyi zuwa Sifen da Fotugal da Italiya da Girka. Nasu karnukan na nishaɗi ne, ba sa kamo ko ɓera. Amma ba sa tsallake iyaka sai da takarda. Tun 2004 Tarayyar Turai take da fasfo na dabbobin gida: a sa wa kare wata 'yar na'ura kamar ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata mai ɗauke da lambarsa, a yi masa allurar haukan kare, a jira kwana 21 bayan allurar farko kafin a tashi, kuma a ƙa'ida mutum ɗaya ba ya wuce dabba 5. Mai shiga Malta ko Ayalan ko Finlan sai ya ƙara da maganin tsutsar ciki kwana 1 zuwa 5 kafin ya isa. A kudancin nahiyar suna tsoron wani ƙwaro da bai kai sauro girma ba, mai cizo da magariba yana sa wa kare cutar lishmaniya, da wata tsutsa mai gashi da ke saukowa daga itatuwa a jere a ƙarshen sanyi, wadda in kare ya lasa harshensa kan iya ruɓewa. Babban gargaɗinsu kuwa shi ne na kawu: kada a bar kare a motar da ke tsaye a rana. Abin da Bature ya damƙa wa takarda da na'urar sanyaya ɗaki, mutumin Sandamu a ka yake riƙe da shi, da yashi da tamfol da sanin lokacin tashi.

Sai dai akwai abu ɗaya a takardar tasu da nake ganin ya kamata mafarautanmu su ɗauka ba tare da girman kai ba, wato allurar nan. Babu inda ya fi bayan kanta dacewa da yaɗuwar haukan kare: karnukan garuruwa daban-daban, cizon juna, ga cizon dila da sauran namun dawa, sannan kowa ya koma gidan da yara ke wasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar na kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kuma kusan duka ta cizon kare ne. Da zarar alamu sun bayyana a jikin mutum, magani ya ƙare. Allurar kuwa ba daga nesa take ba, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato, wadda ta faro tun 1924, tana yin ta. Layar tauri ba ta da abin cewa a nan. Wanda aka ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, ya nufi asibiti a ranar.

Hanyar ma ta canja. Dajin Rugu da ke yammacin jihar Katsina, wanda a da mafarauta ke shiga, 'yan bindiga sun mai da shi nasu. A watan Maris na 2025, a garin Uromi na jihar Edo, aka tare motar da ta ɗauko mafarauta 'yan jihar Kano masu dawowa gida sallah daga Ribas, aka ga bindigogin farauta aka ce masu satar mutane ne, aka kashe mutum 16. Tun daga nan duk shugaban tawaga mai hankali ya san katin shaida da takardar hakimi sun zama kayan tafiya kamar jarkar ruwa. Ga kuma gandun da doka ta killace, irin Yankari, inda shiga da kare laifi ne. Ni kaina ba na goyon bayan masu cinna wa daji wuta don su kori zomo, kuma kawu ma yakan ce wanda ya ƙone dajin bana ya kori 'ya'yansa zuwa wanda ya fi nisa baɗi.

A tafiyar da na bi kawu, saura kwana ɗaya mu tashi, Guguwa ya bi sawun wani abu da la'asar bai dawo ba. Aka busa ƙaho har magariba, shiru. Direba ya ce shi gobe da hantsi zai kama hanya, da kare ko ba kare. Kawu bai ce masa komai ba. Ya ɗauki tocila ya ce in biyo shi, muka koma gindin wata kanya inda aka yi wa karen ganin ƙarshe. Ya tuɓe 'yar sharar da ya yini da ita, duk gumi, ya shimfiɗa a ƙasa ya danne gefunanta da duwatsu, ya ajiye kasko da ruwa a gefe. Na ce a bar masa nama mana. Ya ce nama dila zai kira.

Da asuba, bayan mun yi sallah, muka koma. Tun daga nesa hasken tocila ya faɗa kan idanu biyu. Yana kwance a kan rigar, ya shanye ruwan, ƙafarsa ta gaba ta dama a ɗage. Kawu ya durƙusa, ya buɗa yatsun, ya zare wata doguwar ƙayar aduwa, ya ce in miƙo masa man kaɗanya daga aljihun jaka. Sannan ya saɓa karen a kafaɗa, muka nufi inda ake jin direba yana ɗumama inji.